Wutsiya Ta Zama Allura: Inda Bakteriya Suka Samo Makaman Zama Cikin Jikinmu

A watan Yulin 1976 ƙungiyar tsofaffin sojojin Amurka, reshen jihar Pensilbeniya, ta yi babban taronta a wani otal da ke birnin Filadelfiya. Aka tashi lafiya, kowa ya kama hanyar gida. Bayan 'yan kwanaki sai zazzaɓi mai zafi da tari da ciwon ƙirji suka shiga kwantar da mahalarta taron, wannan a garinsu, wancan a nasu. Kafin abin ya lafa mutum 221 sun kamu, 34 sun mutu. An zargi guba, an zargi murar aladu da ake fargaba a shekarar, aka yi ta gwaje-gwaje ba amsa. Sai a watan Janairun 1977 Joseph McDade na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ya gano wata bakteriya da likitoci ba su san da ita ba, aka raɗa mata suna Legionella pneumophila. Zato mafi ƙarfi shi ne daga ruwan na'urar sanyaya otal ɗin ta fito, mutane suka shaƙe ta cikin feshin da ido ba ya gani.

Abin da ya fi ɗaure wa masana kai shi ne wurin da ta zaɓa ta zauna a cikin huhu. Jikin mutum da na dabba da na tsiro duk an gina su da ƙananan ɗakunan rai da ake kira sel, kowanne kewaye da tantaninsa. Cikin sel ɗin mutum da na dabba akwai masu gadi, makrofaj, waɗanda aikinsu haɗiye duk baƙon da ya shigo. Su kulle shi cikin wata 'yar jaka, su haɗe ta da wata jakar mai ruwan tsami da sinadaran narkarwa, shi ke nan baƙo ya narke. Legionella kan bari a haɗiye ta. Amma cikin 'yan mintuna sai al'amari ya juye: jakar narkarwa ta kasa matsowa, sel ɗin kuma da kansa ya shiga lulluɓe jakar baƙuwar da gutsattsarin tantaninsa, yana kai mata abinci. Ta yi ta hayayyafa har mai gadin ya fashe, 'ya'yanta su bazu su nemi wani. Marcus Horwitz ne ya bayyana wannan dalla-dalla a 1983.

To, halittar da ke kulle cikin jaka, ta yaya take juya akalar wanda ya kulle ta? Saƙo take turawa. Saƙon nan furotin ne, ƙananan ma'aikatan da ke gudanar da kusan kowane aiki a cikin sel. Bakteriya takan haɗa nata, ta harba su cikin sel ɗin mai masauki, su je su kunna wannan su kashe wancan. Bari mu kira su 'yan aike. Kafin ɗan aike ya isa, sai ya ƙetare bangon bakteriyar mai ruɓi biyu, sannan ya huda tantanin jakar. Na'urorin da ke wannan aiki masana sun ba su lambobi, kuma ga bakteriya masu zama cikin sel, nau'i na uku da na huɗu da na shida da na bakwai su ne kan gaba. Kowanne da tarihinsa, kuma babu ko ɗaya da ya faro a jikin ɗan Adam.

Makarantar amiba

Na'urar Legionella nau'i na huɗu ce. Ɗakunan bincike biyu a Amurka, na Ralph Isberg a Boston da na Howard Shuman a Niyok, suka tono ƙwayoyin gadonta cikin shekarun 1990, kowa ya ba su sunansa, shi ya sa har yau ake kiranta Dot/Icm. Furotin kusan 27 ke haɗuwa su gina ta. A lalata ɗaya daga cikin manyansu, bakteriyar ta zama abinci: makrofaj ya narkar da ita ba wata gardama. A 2002 aka gano ɗan aikenta na farko, RalF, a ɗakin binciken Craig Roy. Yau an san fiye da 300, wato kusan kashi 10 cikin 100 na duk furotin ɗin da take iya haɗawa. Yawancin bakteriya masu cuta da 'yan aike kaɗan ko 'yan gomomi suke aiki.

Wannan yawa ba shi da ma'ana in mutum ne abin nufi, domin Legionella kusan ba ta wucewa daga mutum zuwa mutum. Wadda ta shiga huhu ƙarshen tafiyarta ke nan, ko ta kashe mai ita ko a kashe ta, ba ta barin zuriyar da za ta gaji wata ƙwarewa. Amsar ta riga ta fito tun 1980, lokacin da Timothy Rowbotham, a birnin Lids na Ingila, ya nuna cewa gidanta na asali cikin amiba yake. Amiba halitta ce mai sel ɗaya, tana yawo a ruwa da danshin ƙasa tana kiwon bakteriya, kuma yadda take haɗiye su ta narkar, haka makrofaj ɗinmu yake yi, da kusan kayan aiki iri ɗaya. Miliyoyin shekaru amiba tana cin bakteriya. Wadda ta yi dacen samun abin da zai jinkirta narkarwa ita ce ta tsira ta haihu, sauran suka zama kalaci. Tara wannan zamani bayan zamani, sai a sami halittar da ta san ciki da wajen sel. Da mutane suka gina hasumiyoyin sanyaya iska da dogayen bututan ruwan ɗumi, sai suka kawo amiba da baƙuwarta har bakin hancinsu.

Hujjojin sun yi yawa. A 2004 ayarin Carmen Buchrieser a Cibiyar Pasteur da ke Faris ya karanta kundin gadon Legionella, ya tarar da furotin da yawa masu fasalin na amiba da dabbobi, irin waɗanda ba a saba gani a bakteriya ba. Alamu sun nuna daga masu masaukinta ta kwaso ƙwayoyin gadonsu. A 2011 Tamara O'Connor da Isberg suka cire kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan aiken baki ɗaya. Bakteriyar ta ci gaba da hayayyafa cikin makrofaj na ɓera kamar ba a taɓa ta ba, amma ta yi rauni a cikin wasu nau'o'in amiba. Ashe tarin makaman na amiba ne iri-iri, kowace da mabuɗinta. Sannan a 2019, da aka kwatanta jinsuna 58 na dangin Legionella, an ƙiyasta 'yan aike fiye da 18,000, kuma takwas kacal ne kowa ke da su. Ita kuwa na'urar harbawar, kusan iri ɗaya ce a dukkansu. Wannan shi ne abin da ya fi jan hankalina a fannin nan: bututun ya daɗe bai canza ba, kayan da ke bi ta cikinsa ne kullum cikin sauyi.

Bututun musayar gado

Shi kansa bututun ya girmi zaman cikin amiba. A 1946 Joshua Lederberg da Edward Tatum suka gano cewa bakteriya biyu kan manne da juna, ɗaya ta tura wa ɗaya DNA. Yawanci abin da ake turawa filasmid ne, wani ƙaramin zoben DNA mai ɗauke da umarnin gina bututun da zai ƙetarar da shi. Ta wannan hanya ce juriya ga magani ke yaɗuwa tsakanin bakteriya, kuma duk lokacin da aka sayi kafso biyu a kemis aka sha aka bar sauran, ana share wa masu wannan juriya fili ne. A wajen turawar, DNA ba ya tafiya shi kaɗai. Wani furotin ne ke riƙe da bakin zaren ya ja shi zuwa ɗaya ɓangaren. Ke nan tun asali bututun ya iya safarar furotin. Abin da ya rage kawai shi ne a sauya wanda ake tura wa, da abin da ake turawa.

Sassan Dot/Icm sun yi kama ƙwarai da na bututun wasu filasmid da ake samu a bakteriyar hanji, kuma a 1998 ayarin Isberg ya nuna cewa har yanzu na'urar tana iya tura DNA zuwa wata bakteriya. Nazarin da Eduardo Rocha da abokan aikinsa suka yi a 2013 ya nuna wannan sauyin aiki ya faru sau da dama, a dangogi daban-daban da ba su haɗa hanya ba. Wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga yadda ake mayar da ƙarfen tsohuwar mota garma ko adda, zai gane abin: ba a fara daga babu, abin da ke hannu ake lanƙwasawa, kuma mai lura zai ga alamar tsohon aiki a jikin sabon.

Biyu daga cikin magadan wannan bututu suna cikin garkunanmu. Coxiella burnetii, mai jawo zazzaɓin Q, an fara lura da cutarta a 1935 tsakanin ma'aikatan mayanka a birnin Birisben na Ostireliya. Tana sa awaki da tumaki ɓari, kuma mahaifar dabbar da ta kamu cike take da ita, ta bushe ta bi ƙura. Tsakanin 2007 da 2010 ta kama fiye da mutum 4,000 a ƙasar Holan, daga gonakin awakin madara. 'Yar uwar Legionella ce, na'urarsu ɗaya, har wasu sassan tata suna iya maye gurbin na Legionella. Amma dabararta kishiyar ta 'yar uwarta ce: ita barin jakar narkarwa take yi ta haɗu da tata, tsamin ma shi ke tashinta daga barci, sannan 'yan aikenta su faɗaɗa jakar ta zama ɗaki. Ta biyun ita ce Brucella, mai jawo bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari da kumburin gwiwa, ta kuma shiga mutum ta ɗanyen nono ko ta hannun mai taimakon saniya wajen haihuwa. Tata na'urar, VirB, daga wani reshen bututun musayar gado ta fito, kuma in babu ita Brucella ba ta iya kafa gida cikin sel. Zazzaɓin da waɗannan biyun ke kawowa yana kama da na cizon sauro, sau da yawa kuma haka ake ɗaukarsa, makiyayi ya yi ta shan maganin da ba nasa ba.

Allura

Nau'i na uku shi ne wanda aka fi sanin siffarsa. A 1998 Tomoko Kubori da Jorge Galán suka ciro shi daga jikin Salmonella, dangin da mai jawo taifot take ciki, suka ɗauki hotonsa da madubin lantarki. Gindi ne mai zobba da ya ratsa bangon bakteriya, a kansa siririyar allura. Ramin allurar bai wuce faɗin nanomita biyu zuwa uku ba, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita, don haka dole a warware kowane furotin ya zama zare kafin ya wuce, in ya isa ya sake naɗe kansa. Sel ɗin bangon hanji ba ya haɗiye bakteriya a ɗabi'arsa. Amma da Salmonella ta soka masa allurar, 'yan aikenta su kama ƙashin bayan sel ɗin, fuskarsa ta tattare ta taso ta rufe bakteriyar, ta shige.

Duk wanda ya ga hoton nan ya ga gindin wutsiyar da bakteriya ke juyawa don yin iyo. Wutsiyar ma ta cikin raminta ake gina ta: gindin yana tura tubalanta ɗaya bayan ɗaya su je su zauna a can ƙarshe. An daɗe ana muhawara kan wanne ya riga wani. A 2012 Sophie Abby da Rocha suka bi sawun ƙwayoyin gadon a cikin kundaye fiye da dubu, sakamakonsu ya nuna wutsiya ce uwa. Da farko aka rasa doguwar igiyar da injin juyawa, gindi mai turawa ya rage. Daga baya aka aro zoben da ke huda bangon waje daga wasu na'urorin, kuma ba sau ɗaya aka yi wannan aron ba.

Da allura ta kammala, sai ta shiga yawo daga dangi zuwa dangi. Salmonella biyu gare ta, kowacce ta shigo a lokacinta: ta farko ta shiga sel, ta biyu, wadda ayarin David Holden ya gano a Landan a tsakiyar shekarun 1990, ta rayuwa ce cikin jaka bayan an shiga. Shigella, mai jawo atini, asalinta E. coli ce ta hanji da ta sami babban filasmid ɗauke da allura, kuma hakan ya faru fiye da sau ɗaya.

Chlamydia kuwa ba aro ta yi kwanan nan ba. Chlamydia trachomatis ita ke jawo amosanin ido, wanda yawan kamuwa da shi tun yarinta ke tamuƙe fatar ido har gashin ya juya ciki yana kartar ƙwayar, cutar da har yanzu ake yaƙi da ita a ƙauyukan arewacin Nijeriya da Nijar. Ba ta iya hayayyafa a wajen sel ko kaɗan. Da aka karanta kundin gadonta a 1998, an tarar ƙarami ne, ƙwayoyin gado kimanin 900, ta zubar da hanyoyin haɗa abubuwa da yawa da sauran bakteriya ke yi wa kansu. Allura kuwa tana nan cif. A 2004 Matthias Horn da Michael Wagner suka karanta kundin wata 'yar uwarta mai zama cikin amiba, suka sami allurar a can ma. An ƙiyasta rabuwar dangin biyu da kimanin shekara miliyan 700. A lokacin babu mutum, babu dabba mai ƙashin baya, babu ido a doron ƙasa.

Nau'i na shida ma kayan aro ne, sassansa sun yi daidai da jelar wasu bairas masu kai wa bakteriya hari. Bakteriyar Francisella tana amfani da nata wajen fasa jakar da aka kulle ta.

Tabon da ke dantse

Tarin fuka shi ne ya fi kusa da mu a wannan labari, kuma kusan kowannenmu yana ɗauke da shaidarsa a dantse. A 1908, a birnin Lil na Faransa, Albert Calmette da Camille Guérin suka fara noma bakteriyar tarin shanu a kan yankakken dankali da aka jiƙa da ruwan matsarmamar sa da gilisarin. Duk bayan mako uku su ɗebi kaɗan su mayar kan sabon dankali. Sau 230 suka yi haka, cikin shekara 13, har da shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya. A ƙarshe bakteriyar ta daina kashe dabbobin gwaji. A 1921 aka fara ba wa jariri a Faris, kuma ita ce allurar BCG da ake yi wa jarirai a asibitocinmu.

Su biyun sun mutu ba su san abin da ya lalace a jikinta ba. Sai a 1996 aka gano wani yanki na DNA, RD1, da babu shi a kowane irin BCG amma yana cikin duk masu cuta. A 2002 masu bincike a Cibiyar Pasteur suka mayar da yankin, sai ƙarfin cutarwa ya ƙaru. Yankin yana ɗauke da tsakiyar wata na'urar turawa, ESX-1, ta nau'i na bakwai, wadda bakteriyar tarin fuka ke amfani da ita wajen yaga tantanin jakar da makrofaj ya kulle ta. A kan dankali ba makrofaj, ba jakar da za a yaga, don haka wadda ta rasa na'urar ba ta yi asarar komai ba. Furotin biyu da na'urar ke fitarwa, ESAT-6 da CFP-10, su ake amfani da su yau a gwajin jinin da ke bambanta wanda ya kamu da tarin da wanda rigakafi kawai aka yi masa. Bakteriyar tana da irin wannan na'ura har biyar, waɗanda suka samu ta hanyar ruɓanya wata tsohuwa da ake samu a danginta mazauna ƙasa, kuma ɗaya daga cikinsu babban aikinta samo sinadarin ƙarfe ne.

A ganina darasin BCG bai samu kulawar da ta dace a azuzuwanmu ba. Ana koya wa ɗalibi sunayen cututtuka da alamominsu ya haddace, alhali ga misali a dantsensa na yadda cire na'ura guda ya taimaka wajen mayar da makashiya abin kariya. BCG tana kare yara daga tarin da ke hawa ƙwaƙwalwa, amma kariyarta ga huhun manya ba ta da ƙarfi, kuma masu neman wadda za ta fi ta suna duba wannan na'ura da 'yan aikenta sosai.

Ba kowace allura ce ta cuta ba

A tumɓuke shukar wake ko gyaɗa a tsakiyar damina, a girgiza ƙasar, za a ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa. A fasa ɗaya da farce, in yana aiki cikinsa ja-ja ne. Bakteriya ce zaune cikin sel ɗin saiwar tana kamo sinadarin naitirojin daga iska, shi ya sa gonar da aka yi wake take yi wa hatsi kyau. Da yawa daga cikin waɗannan bakteriya suna da allurar nau'i na uku, suna amfani da ita su kwantar da garkuwar shukar don ta karɓe su.

Bakteriyar Wolbachia tana zaune cikin sel ɗin ƙwari masu yawa, da kuma tsutsotsin da ke jawo makantar bakin kogi da tundurmi. Tsutsar ba ta iya haihuwa in babu ita, shi ya sa gwaje-gwajen da aka yi a Gana suka nuna cewa makonni na shan doksisaikilin, maganin bakteriya, yana hana tsutsar haihuwa. Wolbachia ta zubar da kaso mai yawa na gadonta kamar Chlamydia, amma ta riƙe na'urar nau'i na huɗu, wadda danginta duka suka gada daga kaka ɗaya. Buchnera kuma, wadda ta shafe kimanin shekara miliyan 200 cikin jikin ƙwarin darɓa tana haɗa musu sinadaran abinci, ba ta iyo kuma ta rasa igiyar wutsiya, amma jikinta cike yake da ɗaruruwan gindin wutsiya. Masana na ganin fitar da furotin take yi da su, wato matakin farko da allura ta bi ya sake maimaituwa a wani dangin.

Mutane ma sun shiga layin masu aro. Agrobacterium, bakteriyar ƙasa mai sa tsiro kumburi, tana amfani da bututun VirB ta tura DNA ɗinta cikin sel ɗin shuka, kuma shigar DNA ɗin cikin shuka Mary-Dell Chilton da abokan aikinta ne suka tabbatar da shi a 1977. Masu bincike suka cire kayan cutar suka sa nasu. Da wannan bututu aka shigar da ƙwayar gadon da ke kashe tsutsar maruka cikin irin waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta yi aikinsa tare da abokan hulɗarta na Ostireliya, aka amince da fitar da shi ga manoma a 2019.